Makullin Fijo da Komar Baba

Motata Fijo ce fara, ta girmi aikina a ofishin gona na Yelwa, amma a Yauri kaf ba wanda ke wanke mota kamar ni. Aibinta ɗaya, makulli. Ya suɗe ya yi sumul, haƙoransa duk sun cinye, sai ka soka shi ka ɗan jawo baya, ka jijjiga, ka yi bismillah, sannan ta yi tari ta tashi. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne guntun tsohon silifa da Inna ta ɗaura masa ranar da na sayi motar. Mu 'yan tunga ne, ƙauyen masunta a tsallaken ruwa, kuma a gidanmu duk abin da zai hau jirgi sai an ɗaura masa abin da ba ya nutsewa. Ni kuwa na yi boko, ina sa agogo, a ofis ma cewa nake mahaifina ɗan kasuwa ne. Ina ni ina yawo da silifa a aljihu!

Da aka sanar a rediyo cewa alhazan Yauri su hallara a sansanin Sakkwato ranar Laraba kafin magariba, jirginsu na shirin tashi, sai na aika wa Inna cewa kada ta kuskura ta bi bas ɗin alhazai. Uwar mai mota ba ta matsuwa a bas. Shekara da shekaru tana banda kifi saboda wannan tafiya, tun Baba na da rai suke burinta tare, shi Allah bai nufe shi ba.

Saboda wannan rana na je wurin Mainasara mai yanka makulli a kasuwar Yelwa. Ya duba tsohon, ya goga sabo da magagari, ya fito masa da haƙora tsaf. Muka gwada, murɗa ɗaya ta tashi. Kai, har ƙwalla na yi.

"In yi ma biyu, Malam?" in ji shi.

"Biyu na masu yarda kaya ne," na ce. Na saya wa sabon makullin wani zoben ƙarfe mai nauyi da sarƙa, mai walƙiya.

Tsohon kuwa, da na je tunga ranar Lahadi, na tsinke masa guntun silifan, na jefa shi ga Yaya Jibrin, wanmu, wanda ya gaji sana'ar gida. Na ce, "Ka ɗaura a komar kifi wurin dalma, nauyin nan kaɗai ya rage masa." Aka yi dariya, ni na fi kowa.

Ranar Laraba da hantsi na kulle mota a bakin ruwa na tsallaka ɗauko Inna, ina cikin farar babbar riga mai sitaci. Bas ɗin alhazai ta wuce tun asuba. Aka yi ban kwana, aka yi koke-koke, Yaya Jibrin ya sako mu jirgi, komarsa jiƙe a ƙasa don daga kamun kifi ya fito. Mata da yara suna ɗaga mana hannu daga gaɓa. Ni kuma na miƙe tsaye, na sa sarƙar a yatsa ina wulwula makulli don rana ta haska shi kowa ya gani.

"Zauna, Ɗanbaba," in ji Inna.

Ban zauna ba sai da muka kai tsakiya, inda tsohon garinmu yake kwance tun da aka tare ruwa a Kainji. Nan jirgi ya ɗan karkata, yatsana ya saki. Ko ƙara kirki bai yi ba. Culum, shi ke nan.

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Yaya Jibrin ya leƙa ruwa ya ce zurfin nan ko bishiyar kuka ta nutse ba a ganin kanta. Haɗa wayoyin mota a tayar da ita ba zai yi ba, sitiyari a kulle yake. Ba ranar kasuwa ba ce, motar Sakkwato sai gobe. Inna ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ƙanƙame jakarta kawai tana kallon ruwa.

Sai Yaya Jibrin ya aje filafili ya fara lalubar bakin koma, dalma bayan dalma. Can ya ɗago.

"Wanga fa? Ko shi ma na masu yarda kaya ne?"

Ashe Mainasara ya ba rabin Yelwa labari. Ga tsohon makullina nan yana reto tsakanin dalma, an naɗe shi da zare an ƙone bakin ƙullin, ya jiƙe ya kame kamar tare aka haife su. Na sa farce, na sa haƙori, ko motsi. Na ce a ba ni wuƙa.

"Wuƙa a mi?" Inna ta ɗago kai. "Komar ubanku ce. Da hannunsa ya saƙa ta. Ba a sa mata wuƙa ina raye."

"Inna, zare ɗaya ne!"

"To a fasa Makkar."

Haka na shiga mota da koma sukutum. Makulli a raminsa, koma a cinyata, dalma na bugun gwiwa, ruwan tafki na tsiyaya cikin sitaci. Na jawo baya, na jijjiga, na yi bismillah da ban taɓa yin irinta ba. Ta yi tari ta tashi. Abokin aikina Bitrus, wanda na sha gaya wa ko ƙarnin kifi ba na iya shaƙa, ya wuto a kan babur, ya rage gudu ya bi ni da ido har kwana.

Koko, Jega, Tambuwal, ban kashe mota ba ko wurin shan mai. Rana ta bugi komar, ƙarni ya cika mota, ƙudaje suka raka mu kamar 'yan biki. Ana kiran magariba muka shiga sansani, alhazan Yauri na kan layi. Wani jami'i ya leƙo tagar, ya toshe hanci.

"Malam, kifi ka kawo ko hajiya?"

Na buɗe baki in ce ni ma'aikacin ofishin gona ne, Inna ta riga ni.

"Ɗan masunci ne, ɗana ne."

Ta fito ta zagayo wajen tagata. Na ɗauka faɗan da ta haɗiye tun safe za ta yi. Sai ta miƙo hannu ta shafa komar a hankali, ta daɗe tana shafawa.

"Ubanku ya yi mini alkawarin shi zai rako ni Sakkwato," ta ce. "Ka gani, bai saɓa ba."

Ta ɗauki jakarta ta shiga layi. Ni kuwa na zauna rungume da koma ina kuka kamar yaro, mota na ta ruri, don har lokacin tsoron kashe ta nake.