Miyar da Koci Pyo Ya Ɗora wa Laifi

Shekara goma sha tara Pyo Chun-bae bai sa miyar ganyen teku a bakinsa ba. A ƙasarsu kowa ya san ba a shan ta ranar jarrabawa ko ranar wasa, don santsi gare ta, wai wanda ya sha zai zame. Amma kuma ita ce miyar ranar haihuwa. Lokacin yana ɗan wasan gaba, wasan ƙarshe na kofi ya faɗo ranar haihuwarsa, gogan ya sha kwano biyu, ya je buga fenariti ya zame, tim! Ya dawo gida ya ce wa uwarsa, "Miyarki ce." Daga ranar ba ta sake taka filin wasa ba.

Yau ga shi koci, da tumbi da furfura. Ƙungiyarsa ta garin masunta na neman hawa rukunin sama, saura wasa ɗaya. Ranar haihuwarsa kuma! Kamar da gangan.

Saura awa biyu a take leda, sai ga tsohuwar tasa a ƙofar ɗakin canza kaya, rungume da tukunya ƙunshe cikin zane.

"Umma, yau fa..."

"Na sani. Shekarata tamanin da uku, na gaji da jiran baɗi. In ba ka sha, in koma da abata."

Kyaftin Gil-su ya dafe kai. "Koci, ka rufa mana asiri, bari sai an tashi!"

Chun-bae ya dubi yadda take fama da nauyin tukunyar. Kunya ta rufe shi. Ya karɓa da hannu biyu, ya kafa kai.

"To, in faɗuwa ce, mu faɗi tare," in ji Gil-su. Tukunya ta zaga ɗakin.

Ruwa aka yi ta sheƙawa. Kowa ya zame, har alƙalin wasa. Ana dab da tashi Gil-su ya kife rub da ciki a gaban ragar abokan hamayya, ƙwallo ta bugi ƙeyarsa ta shige. Ɗaya da nema!

'Yan wasa suka cilla kocinsu sama sau uku. Yana dira ya ruga wurin tsohuwar, ya durƙusa cikin taɓo, yana dariya yana hawaye.

"Umma, ki yafe mini."

Ta goge masa fuska da bakin zanen tukunya. "Shekara goma sha tara ina jira in gaya maka. Miyata lafiyarta ƙalau. Kai ne ba ka iya fenariti ba."