Hannun Tafireta

Injiniya Ƙasimu ba ya magana biyu, shi ya sa ranar da ya ce ya haƙura da littafin, 'yarsa Zulaiha ta san ba barazana ba ce. Littafin bayani ne kan yadda ake kafa famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da yadda ake lallaɓa shi idan ya yi gardama. Duk abin da ya koya a ma'aikatar ruwa yake son zubawa a ciki saboda masu gyara na ƙauye. To, sai ido ya fara cin amanarsa. 'Yar kibiyar kwamfuta ta riƙa ɓace masa, maɓallan da ke jere a saman manhajar rubutu suka koma kamar tururuwa. Garin neman ƙara girman kan magana, ya goge babi sukutum.

Tsoro ya kama Zulaiha. Littafin nan shi ke tayar da Abbanta daga kan darduma kowace safiya. Ta kuwa san tsofaffin ma'aikatan layinsu na Nassarawa, masu fitar da kujera ƙarƙashin darbejiya su wuni suna kallon motoci, har ranar da za a wayi gari kujerar babu kowa. Ba ta son masa wannan zaman.

Ita ma'aikaciyar wani ɗan kamfanin manhaja ce a Giginyu, inda suke rubuta bayanan aikinsu da Markdown, wato rubutu tsura da 'yan alamomi, kwamfuta ta tsara shafin da kanta. Ranar Asabar da hantsi ta zauna ta saka masa irin manhajar da take aiki da ita. Ta kwashe maɓallan sama kaf. Ta mayar da bangon shafin baƙi, haruffa rawaya manya-manya. Ta kashe akwatin nan mai katsalandan da ke faɗowa yana ƙarasa wa mutum kalma, ta sa aikin ya riƙa adana kansa. Sannan ta raba fuskar kwamfutar biyu: hagu a rubuta, dama a ga yadda shafin zai fito.

Sai darasi. Ta nuna masa alamar da ake sawa gaban kan magana, da taurarin da ke kaurara kalma. Zulaiha akwai ilimi, amma a wajen koyarwa sai a hankali, bayani take zubawa kamar ana korar ta. Injiniya ya lalubi alamar ya danna wata, ya sake ya danna wata, ya tura kujerarsa baya.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya yi miki albarka, kashe abin nan."

Hawaye ya taru mata. Ta ce, "Abba, manta da duk abin da na faɗa. Rubuta mini ko layi uku ne, yadda hannunka ya ga dama, sai in kashe."

Don ya rabu da ita ya matso. Ashe hannun bai manta tafiretar da ya fara aiki da ita ba. Ya buga kan magana, ya sauko ƙasa ya ja masa layi da alamar daidai ta lissafi, rututu. Duk ƙarshen layi sai ya maka wa maɓallin sauka duka, kamar mai tura kan tafireta. Matakan kwance famfo ya jera su da lamba da ɗigo. Irin rubutun nan ne ke hargitsa masa shafi a tsohuwar manhajar, har jikoki suna yi masa dariya.

Zulaiha ta dubi ɓangaren dama. Kan maganar ya fito ɓaro-ɓaro, guntayen layukan sun haɗe sun zama sakin layi, matakan sun jeru tsaf. Ita kanta ta sha'afa cewa Markdown yana karɓar wannan tsohon salon.

"Na ɓata ko?" ya tambaya.

"Ba ka ɓata komai ba, Abba. Haka ake so. Wallahi haka ake so."

Ya matsa da fuska dab da gilashin kwamfutar, ya daɗe yana duba. Can ya cire tabarau ya ajiye gefe, ya ɗora yatsunsa inda suka saba zama, ya ci gaba da bugawa idonsa na kallon silin. Zulaiha ta lallaɓa ta nufi ƙofa.

"Uwata," ya ce, bai juyo ba, "in kin fita ja mini ƙofar. Ki ce wa mamanki Hajiya kada a jira ni da abinci."