Sunaye Goma Sha Ɗaya

Tun safe takardar take kan tebur, sabuwar shugabar makarantar ta ɗauka ta ajiye ya fi sau biyar. Sunaye goma sha ɗaya ne a jere, da jan biro. Ta tashi ta buɗe taga, hayaniyar 'yan aji ɗaya ta cika ofis, ta sake rufewa. Wata huɗu ke nan da ba ta wannan kujera, har yau ba ta iya zaman rabin awa a kanta ba.

Mataimakinta, dattijon da shugabanni shida suka zo suka tafi a kan idonsa, yana tsaye bakin ƙofa yana goge tabarau da bakin riga.

"Ranki ya daɗe, ba wani abu ba ne," ya ce. "Ofishin ilimi ba sa tambayar yara nawa kika koyar. Kashi nawa suka ci jarrabawar aji shida, shi kaɗai suke dubawa. Waɗannan kuwa ko sunansu da ƙyar suke rubutawa. Kada a yi musu rajista, su maimaita aji."

"Za su dawo kuwa?"

Ya mayar da tabarau, ya dubi silin. "Wasu sukan dawo."

"Idan na ƙi fa?"

"Wadda kika gada ta ƙi. Kashi sittin muka samu, aka karanta sunanta a taro gaban kowa. Yanzu tana can tana koyar da 'yan aji biyu."

Ta tuna ranar da aka yi mata tambayoyin ɗaukar aiki, yadda ta ce nasararta ita ce kada yaro ko ɗaya ya fita daga hannunta bai iya karatu ba. Har tafi aka yi mata.

* * *

Kwana uku tana kai da kawo. A gida ta zuba wa maigidanta gishiri a shayi.

"Hedimasta, in wannan ne sabon tsarin, a mayar da ni tsohon," ya ce yana dariya. Da ya ga ba ta ko murmusa ba, sai ya sassauta murya. "Ki tsira da kujerar tukuna. Baɗi sai ki gyara abin da kike so."

Baɗi. Kalmar ta yi mata daɗi a kunne. Da ta isa ofis ta sa hannu a tsaye, ko jaka ba ta ajiye ba.

* * *

Ranar Litinin wata mata ta zo, mai wanki da guga ce a bayan kasuwa, sabulu ya cinye fatar yatsunta. Tana riƙe da hannun autarta, doguwar yarinya da ta girmi 'yan ajinsu, domin sai da ta gama jinyar mahaifinta aka sa ta makaranta.

"Malama, an ce ba sunan Auta a jarrabawa."

"Don amfaninta ne, Inna. Shekara ɗaya kawai za ta ƙara, ta ƙware."

"Ita fa ta ce min bana ta fara ganewa." Matar ta juya. "Faɗa mata mana."

Auta ta sunkuyar da kai. "Ina iya haɗa baƙi yanzu, Malama. Sauri ne dai ba ni da shi."

Shugaba ta gyara wasu takardu da ba su buƙatar gyara. Kalma ɗaya ta ishe ta, ba za a rufe rajista ba sai Alhamis.

"An riga an aika sunaye," ta ce.

Matar ba ta yi musu ba. "To, ku kuka san boko. Allah ya saka da alheri."

* * *

Sakamako ya fito: kashi casa'in da takwas. Daraktan ilimi ya miƙa mata takardar yabo, ya ce sauran shugabanni su yi koyi da ita. Malamai suka rataya ƙyallen taya murna a ƙofar makaranta. Ta yi ta jiran farin cikin ya zo, bai zo ba.

Da aka koma hutu ta bi aji shida tana leƙa fuskoki. Cikin goma sha ɗayan, uku ne suka dawo.

Bayan an tashi ba ta hau motar gida ba, ta bi ta bayan kasuwa. Shagon mai wankin ƙarami ne, zafi na fitowa daga ciki kamar bakin murhu. Auta tana tsaye gaban tebur, gefenta tulin sababbin kayan sakandare da iyayen 'yan ajinsu suka kawo guga.

"Sannu da zuwa, Malama." Ta ɗan rusuna, fuskarta a sake. "Barka da arziki. An ce makarantarmu ce ta zo ta ɗaya."

Shugaba ta dubi tulin kayan. Auta ta jira kaɗan, sannan ta yayyafa wa farar riga ruwa, ta bi gefen bajon makarantar da ke aljihu da dutsen guga a hankali, don kada rubutun ya ƙone.