Hannun Hagu na Rigar Pan Lucjan

Karo na shida ke nan zaren yana kauce wa kafar allurar, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa, tukunyar miyar kabeji tana ƙona mini yatsu.

"Pan Lucjan, kawo in zura maka mana. Miyar nan za ta huce."

"Ajiye ta can, Pani Sabina. Shekara arba'in ina zura zare, ba yau za a koya mini ba."

"To zura mu gani."

Bai zura ba. Ya yi ta gwadawa har allurar ta suɓuce cikin bargo. Ya bi ta da lalube, ya gaji, ya mayar da kansa kan matashi yana haki. Ni na tsince ta a gefen katifa.

Ƙofarsa tana kallon tawa a hawa na uku, shekara ashirin da shida, amma har lokacin Pan da Pani muke ce wa juna, wato Malam da Malama. A gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya, amma ba wanda ya san shi da wannan. Yana cikin mutanen nan da duk watan Yuli suke kafa tantuna a gindin tsohuwar ganuwar garinmu, su sa sulke da kwalkwali, su sake yin yaƙin da kakanni suka gama shekara ɗari shida da suka wuce. Direbobin bas ne, da malaman makaranta, da wani likitan haƙori. Shi ke ɗinka musu tufafin, kuma da hannu, da zaren lilin da ya goga wa kakin zuma. Ulun ma shi ke rina abinsa da ɓawon albasa da saiwoyi a bahon wankansa, matattakalar bene ta yi mako tana wari. Sau biyu na kai ƙararsa wurin mai kula da ginin, kuma har yau ban ga laifina ba.

A fagen yaƙin bai taɓa zama jarumi ba. Kullum yana cikin na farkon da ake kashewa. Ya ce in ya kwanta a ciyawa ya fi ganin kalmasar rigunan mutane da kyau. Kafin a shiga sansanin kuwa, shi ke zama a ƙofa. Kowa ya zo sai ya juya masa riga, ya bi ɗinkin da babban yatsa. In ya ji aikin keken ɗinki, ba magiya, sai gida. Kwastan suke ce masa.

Ni kuma shekara talatin da ɗaya na yi a kan keke a masana'antar riguna. Tarakta yake kiran kekena, ni in ce masa allurarsa aikin marasa aikin yi ce. Haka muka tsufa muna tsokanar juna ta tsakanin ƙofofi biyu, matarsa ta rasu, mijina ya rasu, har ciwon daji ya kama shi, ya ci ƙashi, ya taɓa idanu, likitoci suka sallamo shi gida.

"Buɗe akwatin can," in ji shi a ranar, bayan ya sha cokali uku ya ture kwanon.

Riga ce ta ulu, ja mai duhu, doguwa zuwa gwiwa. Ba ta sarki ba ce, ta telan zamanin da ce. An gama komai sai hannun hagu, wanda yake a yanke, an kama shi da allurai.

"A cikinta za a sa ni," ya ce. "Daga hammata zuwa wuyan hannu ya rage, sai shafi, sai maɓallai goma sha biyu. Na yi maɓallan, suna cikin gwangwanin shayi."

"Ka ba yaranka na sansani mana."

"Waɗannan? Takobi suka iya riƙewa. Ke kaɗai kika san yadi a ginin nan, ko da yake tarakta ta ɓata ki." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Da hannu, Pani Sabina. Za a buɗe akwatin gawata a coci, duk za su zo. Na san su."

Na ce to. Ban gaya masa yatsuna sun daɗe da kumbura da amosanin gaɓɓai ba, ko murfin kwalba sai na roƙi mai kawo wasiƙa ya buɗe mini.

Kwana uku na zauna a bakin taga. Ulu ne mai kauri, da lilin mai tauri a ƙarƙashinsa, kowane soki sai na danna allurar da gefen tebur. Ranar Alhamis abin da na ɗinka bai wuce tsawon tafin hannu ba. A ranar ce 'yarsa Dorota ta iso daga Norway, inda take aiki, kuma a ranar nas ɗin da ke zuwa yi masa allura ta tsayar da mu a matattakala.

"Kwana biyu ne ko uku," ta ce. "Duk abin da za a yi, a yi."

Na koma ɗaki na dubi hannun rigar, na dubi yatsuna. Tsoro ne ya kama ni, kada ya tafi bai ga an gama rigarsa ba. Sai na ce wa kaina ai ɗinkin ciki ne, shafi zai rufe shi, mutumin ma ba ya gani. Na yaye wa kekena mayafi. Minti huɗu aikin ya ɗauka. Shafin da maɓallan na yi su da hannu, ina hawaye don zafi, kafin la'asar na kai masa.

Dorota ta tayar da shi zaune. Ya rungume rigar a ƙirji, ya sunsuna ta, ya ƙirga maɓallai da yatsa, fuskarsa ta saki kamar ba mai ciwo ba. Sai ya zura hannu cikin hannun rigar. Ya fara daga hammata, babban yatsan yana tafiya a hankali ta kan shafin. Ya wuce tafin hannun da na yi da allura. Ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi.

"Ya miƙe sosai," ya ce.

"Hannuna ne mai kyau."

"Pani Sabina."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "To na yi! Na yi da keke! Dubi yatsun nan, in kana gani. A ciki yake, ƙarƙashin shafi, ƙarƙashin ƙasa zai shiga. Wa zai sani, don Allah?"

"Ni."

"Baba, riga ce fa kawai," in ji Dorota.

Bai kula ta ba. "Akwai wani mutum," ya ce, yana tsayawa yana jan numfashi, "da ya tuƙo mota awa bakwai daga bakin teku, da matarsa da 'ya'yansa. Ɗinki ɗaya na samu a cikin hularsa, bai kai yatsana ba. Na mayar da shi. Ya roƙe ni a gaban mutane, na mayar da shi. Bai sake zuwa ba." Ya zare hannunsa daga rigar. "In na shiga ƙasa da wannan, me ke nan na yi wa mutumin nan?"

"Zan farke. Ka ba ni kwana uku."

"Da ina da su, da na ba ki."

Bai faɗa da fushi ba, shi ya fi ci mini rai. Ya ninke rigar yadda ya iya, ya miƙo mini, ya juya wajen 'yarsa.

"Dorotka, kwat ɗin nan shuɗiya da na sa ranar jana'izar mamanki. Tana cikin kabad. Ita za a sa mini."

Na ga Dorota ta sauke ajiyar zuciya. Ban ga laifinta ba. Duk hutun ƙuruciyarta a kan tattakakkiyar ciyawa ta yi shi cikin tanti, tana sanye da ulu mai ƙaiƙayi, sa'o'inta suna bakin teku.

A yammacin na farke ɗinkin. Juma'a tun safe na zauna da allura, ban dafa komai ba, ban leƙa shi ba, don kunya nake ji in shiga ba rigar. Ina jin tarinsa ta bango. Asabar wajen ƙarfe goma na safe na kai gwiwar hannu, sai aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Dorota ce, da kofi a hannu, ko ruwan wanke-wanke bai bushe a jikinsa ba.

"Goggo Sabina, na je wanke wannan ne kawai. Na dawo..."

Na rungume ta, muka yi kuka a tsaye. Amma ni, Allah ya yafe mini, hankalina yana kan tebur.

"Ki ce masu shirya gawa su jira ni zuwa Litinin," na ce mata. "Rabi ya rage. Da hannu nake yi, na rantse, zo ki duba."

"Goggo, da bakinsa ya faɗa, kina wurin. Bai canza ba."

"Ya tambayi rigar?"

Ta girgiza kai. Da azahar masu shirya gawa suka zo suka sauka da shi, kwat ɗin tana rataye a hannun ɗayansu cikin ledar mai wanki.

Ranar Talata aka yi jana'iza, ana yayyafi. Mutanen sansanin sun zo sun fi arba'in, wasu daga garuruwa masu nisa, kowa cikin abin da ya ɗinka masa, ja da kore da ruwan ɗorawa, takubba a jingine a bangon coci don limamin cocin ya hana a shiga da su. Wurin ya cika da warin jiƙaƙƙen ulu. Shi kuma yana kwance a tsakiyarsu da kwat da laktaye, ma'aikacin gidan waya sak. Wuyan rigar da ke cikin kwat ɗin ya yi masa yawa.

Bolek, direban bas ɗin da ke shugabantar rundunarsu, ƙaton mutum mai jan gemu, ya daɗe tsaye a kan akwatin. Sai ya juyo wajen Dorota.

"Ina jar rigar? Shekara biyu yana mana maganarta."

Ina tsaye kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa. Na buɗe baki.

"Bai samu ya gama ba," in ji Dorota, ba ta ko dube ni ba.

"Kai! Da mun sani, ai da mun nemo wani ya ƙarasa. Hannu ɗaya ne fa aka ce ya rage."

Na rufe bakina. Da aka zuba ƙasa, ban bi su cin abinci ba.

Dorota ta koma bayan mako guda. Ta ce in riƙe rigar, ba ta san yadda za ta yi da ita ba. Ban ƙarasa ta ba, ban ga wanda zan ƙarasa wa ba. Abin da na yi ta fama da shi shi ne lilin ɗin ciki, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, inda allurar keke ta bi. Na jiƙa shi, na murza, na sa dutsen guga. Da na ɗaga shi wajen taga, hudojin suna nan a jere, a miƙe, tazara ɗaya, hasken rana yana shigowa ta kowanne.