Ɓargon Yaya

Ranar da likita ya kira mu ofishinsa, dukanmu muka tafi: Mama, Baba, ni, da Yaya, wanda ya taho kai tsaye daga garejin da yake gyaran mota, baƙin mai har gwiwar hannu.

Autarmu ce ke kwance a ɗakin yara na asibitin. Shekararta shida kansar jini ta kama ta. An daɗe ana ɗura mata magani ta jijiya, gashinta ya zube, ciwon ya lafa, sannan ya dawo. Likita ya ce sai an yi mata dashen ɓargo, aka ɗebi jinina da na Yaya don a ga wanda zai dace.

Yaya ƙato ne, in ya tsaya a ƙofa ba mai wucewa, amma ranar ɗiban jinin yana ganin allura ya sulale ƙasa, sai da nas ta yi masa fifita.

Da muka zauna a ofishin, likita ya gyara tabarau ya ce, "Na babban ya dace."

Mama ta ƙwala ihu har ɗankwalinta ya faɗi. Baba ya kama dariya, ya kasa dainawa, hawaye na bin gemunsa. Yaya kuwa ya rungumi likita ya ɗaga shi sama, ya bar masa shatin hannu biyu baƙi ƙirin a bayan farar riga.

"Sauke shi, kai!" in ji Baba. "Shi ne fa zai yi aikin!"

Da muka ɗan natsu, Mama ta yi tambayar da ta daɗe tana cin ta. "Likita, don Allah, ba wani abu na ba ta ta ci ba?"

"A'a, Mama. Wasu ƙwayoyin jini ne suka lalace a cikin ɓargonta, suka yi ta yawa har suka danne masu lafiya. Yawanci ba a san dalili ba. Ba laifinki ba ne, kuma ba a ɗauka."

Mama ta sauke ajiyar zuciya, sai ta juya ta mintsini Baba, haka kawai don murna.

Yaya ya sosa ƙeya. "Wannan ɗiban ɓargon, da allura ne?"

"Barci za mu sa ka, ba za ka ji komai ba."

"To ku sa ni tun daga gida."

Muka sa takunkumin fuska muka rankaya wurin Auta, muna ture juna a baranda, nas na cewa mu rage surutu. Ni na riga kowa faɗa mata. Ta ƙare wa Yaya kallo daga sama har ƙasa.

"Ɓargonsa za a sa min? Ni ma zan riƙa munshari ke nan?"

Har nas ɗin sai da ta dafa bango don dariya.

An yi dashen. Makonnin da suka biyo baya sun yi wuya: zazzaɓi, amai, ɗaki a rufe, mu muna leƙe ta gilashi. Sannan sabon jini ya fara tasowa a hankali. Yaya ya yi kwanaki yana tafiya kamar agwagwa saboda ciwon ƙugu, duk wanda ya kawo gyaran mota sai ya ji labari kafin a buɗe masa inji.

Ranar da aka sallame ta, likita ya hana cunkoso a kanta. Da muka isa gida, maƙwabta suka jeru a bakin taga suna ɗaga mata hannu, ita kuma tana kan kujera da hular ulu, tana nuna wanda zai matso da wanda zai jira.