Rigar Mikail a Ƙofar Kasuwa

Ɗakin da ke bakin zauren gidana a Limanti, Mikail ne a ciki wata bakwai ke nan. Mutum ne ɗan shekara arba'in, ciwon ƙwaƙwalwa ya taɓa shi, ya yi shekara shida ɗaure da mari a wani gidan magani a ƙauye kafin wata ƙungiya ta fito da shi, ta kama masa ɗakin. Ma'aikaciyarsu, Malama Ketura, 'yar Biu, takan zo duk Laraba ta duba ƙwayoyinsa, ta ga ko yana girki, ta tafi. Ni dai an ce in sa ido daga nesa, kada in yi masa abin da zai iya da kansa. Yayansa Abdulnasir kuwa tun farko bai yarda da tsarin ba. A gabana ya ce ranar da aka yi wata hayaniya a kan Mikail, ranar zai zo da mota ya mayar da shi inda ya fito.

Wata Litinin Mikail ya ce zai je kasuwa shi kaɗai ya sayo risho, haka suka tsara da Ketura. Maganin da yake sha yana sa hannunsa rawa, kuma kullum cewa yake sanyi yake ji, don haka ya ɗora wata katuwar jaket a kan kaftani, ana tsakar zafi. Ni shekara talatin na yi ina jan babbar mota tsakanin nan da Gamboru, na san irin kallon da garin nan yake wa mai kaya masu kauri a lokacin zafi. Na ce ya cire. Ya yi dariya ya ce ai ni nake jin zafin, ba shi ba. Da ya hau keke mai ƙafa uku, na tari wani na bi bayansa.

A makon an yi jita-jitar za a kai harin bam, an tsaurara bincike a ƙofar Kasuwar Litinin. Samari masu gadi sun jera mutane, kowa ya tsaya daga nesa ya ɗaga riga a ga cikinsa, ya wuce. Da aka zo kan Mikail aka ce ya ɗaga, sai ya ƙame. Saurayin ya faɗa da Barbarci, ya maimaita da Hausa. Mikail bai motsa ba, hannu na karkarwa, leɓe na motsi.

Mutanen garinmu ba sa fara ihu, janyewa suke yi. Kafin in sallami mai keke fili ya buɗe, wata mata ta bar farantin tumatir ɗinta a ƙasa. Ɗaya daga cikin samarin ya ɗaga bindigar toka.

Abin da ba su sani ba, a gidan marin nan, in an ce maka ɗaga rigarka to bulala ce za ta biyo. Na taɓa ganin bayansa yana alwala.

Na tattare babbar rigata har wuya, tumbi a waje, na nufi Mikail.

"Koma baya, tsoho," in ji mai bindigar. "Ko ka gaji da duniya ne?"

Na ce ɗan hayana ne, ba shi da lafiya, su bar ni in isa gare shi. Ketura ta sha gaya mini kada a taɓa kama shi ta baya, sai na zagaya na tsaya a gabansa, bakin bindigar yana saitin gadon bayana.

"Mikail, ni ne Baba. Dubi wannan tumbin, duk kasuwa ta gama kallonsa. Babu mai bulala a nan."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ja zif ɗin a hankali, ya ɗaga kaftanin. Da suka ga tabon da ke haƙarƙarinsa, saurayin ya sauke bindiga, ya ce wa Mikail ya yi haƙuri.

Ashe wani ya ɗauki hoton abin a waya, ya yaɗa. Kafin la'asar motar Abdulnasir tana ƙofar gidana, da ƙarti biyu a baya. Na kira Ketura, ta ce tana unguwar Mairi, tana zuwa, amma kada in yi magana a madadin Mikail. Abdulnasir ya ce masa ya ɗauko kayansa, yau da an harbe shi da me zai gaya wa tsohuwarsu.

Mikail ya riƙe ƙyauren ɗakin.

"Yaya, ni na ɗaga rigar da hannuna. Ba zan koma can ba."

Ƙartin suka dubi Abdulnasir. Na ƙura wa hannunsa ido, don in ya yi musu alama ba ni da ƙarfin tare su. Ya tsaya har aka kira salla a masallacin unguwa, sannan ya ce musu su koma mota. Da zai shiga ya juyo gare ni.

"Baba, in wani abu ya same shi, kai zan tambaya."

Na ce to. Na tsaya a ƙofar gida har motar ta sha kwana.