Ta Hannun Adaku

Kada ku ɗauka ƙauna ce ta sa Kausar ta zaɓi kakarta, lalaci ne zalla. A jami'a malamarsu, Dakta Pauline, ta ba su aiki, kowa ya nemi dattijo ɗaya ya yi hira da shi a kan rayuwar Jos zamanin haƙar kuza. 'Yan ajinsu na ta fafutukar zuwa Bukuru da Barikin Ladi, ita kuwa ta ce me ya yi zafi, ga tsohuwa a ɗakin da ke jikin nata a Nasarawa Gwom.

"Akwai binciken da ake ƙirga mutane, akwai wanda ake sauraronsu," in ji Dakta Pauline, da Hausarta ta 'yan Filato. "Wannan zangon na sauraro ne. Kar ki yi tambayar da amsarta eh ce ko a'a, ki ce ba ni labari. In mutum ya yi shiru kar ki cike masa shirun, ki bari ya cike abinsa. Abin da aka ce ki rufe kuma, ki rufe." Kausar ta taɓe baki a ranta. Wannan ai hira ce, har sai an zo jami'a?

A lokacin gidansu ba daɗi. Babanta, Malam Lukuman, direban babbar mota ne, shekara da shekaru yana lodin kabeji da karas da dankalin Turawa daga Farin Gada zuwa kudu. Ogansa ya ce ya koma Legas da zama ya riƙa kula masa da motoci. Ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, Inna Balaraba, ya ce, "Inna, in tafi ko in zauna?" Ta kau da kai ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Iyakar abin da ta ce ke nan. Alhali ƙanensa Mahdi, ko Bauchi za shi sai ta raka shi zaure tana masa faɗan gudu a hanya.

Kowa ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi. Amma Kausar ta ji da kunnenta babanta yana ce wa Ummanta, "Kunya daban, rashin so daban. Na haura hamsin, ban taɓa jin ta tambayi ko na ci abinci ba." Ƙarshen wata zai tafi, kuma da wannan ƙullin a zuci zai tafi. Abin yana damun Kausar ƙwarai, don tsohuwar ta yi nisa, in suka rabu a haka ƙila a haka za a ƙare.

Ranar hirar, bayan la'asar, ta tarar da Inna tana tsince tsakuwa a tiren acca. Ta nemi izini, ta ajiye waya tana naɗa.

"Inna, kun sha wahala a da?"

"Eh."

"Akwai ruwan famfo?"

"Babu. Ke, ja'ira, in 'yan sanda suka aiko ki, ki faɗa mini."

Kausar ta yi dariya, ta tuna da malamarta, ta gyara zama. "To, ba ni labarin gidan da aka fara kai ki."

Ai kuwa sai baki ya buɗe. Gidan haya ne a unguwar Congo-Russia, mijinta yana aiki a kamfanin kuza, surukarta na nan tare da su. Sanyin lokacin ba irin na yanzu ba ne, ruwan randa sai ya kama hannu. Ɗakin da ke kallon nasu na wata 'yar Ibo ce mai tuyar ƙosai, wadda ta dawo Jos bayan yaƙin basasa ba ta da komai sai kasko. Adaku sunanta.

Kausar ta san sunan nan sarai. Duk gidan an san shi. Babanta ba ya gajiya da cewa Mama Adaku ce ta riƙe shi kamar ɗanta, ita ke ba shi nama, ita ta saƙa masa rigar sanyi. Ranar da ta rasu har garinsu ya raka gawarta, ya dawo idonsa jajir.

Daga ambaton sunan sai Inna ta yi shiru. Hannunta ya tsaya a cikin accar. Tambayoyi suka cika bakin Kausar, harshenta har ƙaiƙayi yake, ta danne. Ana jin mai gyaran babur a waje yana buga ƙarfe. Shirun ya yi tsawo har ta fara jin kunya, ta ce a ranta yau Dakta ta sa ta zama sakarai. Ta dai daure.

"Da aka yaye yaron," in ji Inna, ba ta ɗago ba, "surukata ta ɗauke shi. Haka ake yi. Gida ɗaya muke, amma ko faɗuwa ya yi a gabana ba ni da ikon ɗaga shi, sai a ce ba ni da ta-ido. Adaku ta ga ina leƙensa ta labule. Ta ce, Balaraba, wannan wace irin al'ada ce, ki haifi ɗa ki riƙa satar kallonsa? Na ce ke dai bari. Ta ce to, ki ba ni, ni ba mai hana ni."

Naman da ke cikin miyarta, ta ce, ba ta taɓa ci ba, a ganye take ƙunshe shi ta miƙa wa Adaku. Rigar sanyin, a ɗakin Adaku ta saƙa ta, da sunan koyon tuya. Shekarar da ƙyanda ta kwantar da shi, Adaku ce ta tsaya da rigima sai an ba ta shi ta kai asibiti, ita kuma ta bi su a baya da lulluɓi kamar mai zuwa cefane. A dawowa aka shige da shi ɗakin Adaku aka tura ƙofa.

"A nan na rungume shi. Jikinsa kamar garwashi, bai san wa ke riƙe da shi ba. Da ya farfaɗo Adaku ya kira. Wallahi daɗi na ji, ai ya farfaɗo."

Kausar ta ƙura mata ido. Wannan tsohuwar da suke gaisarwa kullum a tsaitsaye, wadda suka ɗauka ba abin da ta sani sai carbi da faɗan an bar famfo a buɗe! Ikon Allah. Ashe Inna ba ta gama ba.

"Azumin da kuke ce mini na tsufa ne, ki lura da ranakun. In motarsa ta tashi nake ɗauka, sai na ji tsayuwarta a ƙofa nake ajiyewa." Ta ɗago ta harari wayar. "Kashe abin nan. Malamarki ta ji, ba komai. Amma in kika kunna wa wani a gidan nan, ban yafe ba."

To, ga Kausar da magani a hannu, an ce kar ta bayar. Kwanaki tana kallon babanta yana ɗaure kaya, fuskarsa a murtuke, wayar na aljihunta kamar ta ƙona ta. Ta je wurin Dakta Pauline, ba ta kama suna ba, ta ce idan abin da aka ce a rufe zai gyara wani abu fa?

"Labarin ba naki ba ne," in ji Dakta. "Amana aka ba ki. Amma aikinki bai ƙare ba. Ki koma wurinta ki faɗa mata abin da kika fahimta, ta gyara inda kika yi kuskure. Haka ake yi."

Ta koma da hantsi. Malam Lukuman yana tsakar gida yana ɗaure katifa da igiya, dab da tagar Inna. Kausar ta zauna kusa da tsohuwar, ta rage murya iyakar ragewa don cika alkawari.

"Inna, ga abin da na fahimta. Kin ce Mama Adaku..."

"Ɗaga murya, ba na ji."

Kausar ta dube ta. Matar da ke jin an buɗe tukunya daga can ƙuryar gida! Inna ta yi kicin-kicin, idonta na kan bango.

"Na ce ki ɗaga murya. Ko a makarantar taku raɗa ake koya muku?"

Kausar ta ɗaga. Ta faɗi na naman, ta faɗi na rigar sanyi, ta ce ja ce.

"Ba ja ba ce," in ji Inna da ƙarfi. "Ruwan toka ce, hannun hagu ya ɗara na dama, don ban iya ba tukuna. Gyara."

Ƙarar igiya ta tsaya a waje. Kausar ta ci gaba, ta faɗi na ƙyanda, ta faɗi na azumi. Inna tana gyara mata, tana ƙara abin da ba ta ma faɗa ba ranar farko, duk da murya irin ta mai kiran yaro daga nesa. Mamaki ya cika Kausar har ta ji kamar ba a ɗakin da ta sani take ba.

Inuwa ta rufe bakin ƙofa. Malam Lukuman ne, ƙato guda, ya zube a kan gwiwa, hawaye na bin gemunsa, bai ma damu ya share ba. Inna ta ja mayafi ta ƙara juya masa baya.

"Kausar, ki ce wa babanki, in tafiyar alheri ce ya tafi, ba zan tare shi ba." Ta gyara mayafin. "Amma ki ce masa Adaku ta rasu. Ba ni da wanda zan aika Legas."

Kausar ta juya don ta isar da saƙon, ta kasa. Shi ma ita ya kalla, don bai san yadda ake kallon tsohuwar ba.

"Ki ce mata na ji," ya ce da kyar. "Ki ce mata ba sai ta aika ba, ina nan."